Waiwaye: Terry Griffiths, daga jakar wasiƙu zuwa koyar da zakaru

Terry Griffiths ya kai shekara 30 kafin ya mai da sunuka sana'a. A Llanelli da ke yankin Wales, inda aka haife shi a 1947, babu irin aikin ƙarfin da bai taɓa ba: ya shiga ramin haƙar kwal, ya yi kwandastan bas, ya raba wasiƙu gida-gida, ya yi tallan inshora. Sai an tashi aiki yake ɗaukar sanda. A haka ya ci gasar 'yan sha'awa ta Ingila a 1977 da 1978, sannan ya rufe ido ya ajiye albashi ya shiga sahun ƙwararru.

Wasansa na farko ya zo masa da ɗaci. Yana gaban Rex Williams da nisa, saura zagaye ɗaya ya gama da shi, sai wasa ya juya, aka cinye shi 9 da 8. Watanni kaɗan bayan haka, a 1979, ya ratso ta wasannin share fage zuwa zauren Crucible na Sheffield, inda ake gasar duniya. Ya kayar da Alex Higgins da ƙyar, 13 da 12, ya fitar da Eddie Charlton bayan dare ya raba, sannan ya doke Dennis Taylor 24 da 16 ya zama zakaran duniya, aka ba shi fam 10,000. Ya ƙara da kofin Masters a 1980 da na Birtaniya a 1982, kuma duka biyun Higgins ya kayar a wasan ƙarshe.

Daga nan zamanin Steve Davis ya kankama, Griffiths ya sha zama a kujera. Wanda ya saba da ƙananan teburan da samarinmu ke kewayewa a bakin titi ba lallai ya gane nauyin wannan zama ba. Teburin gasa ƙafa 12 ne a tsawo, jajayen ƙwallaye 15, masu launi 6, kuma idan abokin karawarka ya karɓi tebur yana zurawa, ba ka da ikon komai. Ga kujerarka, ga kofin ruwa, ga kyamara a fuskarka, zuciyarka tana ta maimaita maka ƙwallon da ka ɓarar. A 1983 yana zaune haka Cliff Thorburn na Kanada ya yi maki 147 a shiga ɗaya, karo na farko a tarihin gasar duniya. Griffiths ya tashi ya taya shi murna, ya koma ya ci gaba da fafatawa har kusan ƙarfe 4 na asuba, kafin ya faɗi 13 da 12. A 1988 ya sake kaiwa wasan ƙarshe, Davis ya doke shi 18 da 11.

'Yan kallo sun sha yi masa ƙorafin jan ƙafa. Zai kewaya tebur, ya goga alli a bakin sanda, ya duƙa, ya miƙe, ya sake dubawa. Ni a ganina ba a yi masa adalci ba. Mutumin da ya san yadda ake neman kuɗin cefane da tafiyar ƙafa ba zai yi wasa da damar da ta zo hannunsa ba, kuma wannan natsuwar ce ta zama jarinsa daga baya.

Ya ajiye sanda a 1997, bayan wani matashi ɗan yankinsu, Mark Williams, ya fitar da shi daga Crucible 10 da 9. Tsofaffin gwanaye da yawa ba sa yafe wa yaron da ya kawo ƙarshensu. Griffiths kuwa ya zama malamin Williams. Stephen Hendry, wanda ya ci kofin duniya sau 7, shi ma ya nemi taimakonsa, haka Ding Junhui na Sin, da Marco Fu, da Ali Carter, da Barry Hawkins, da Mark Allen.

Me mai kofi ɗaya zai koya wa mai bakwai? Hendry ya fi shi iya zura ƙwallo nesa ba kusa ba. Amma gwanin da hannunsa ya fara rawa ba darasin riƙe sanda kaɗai yake nema ba, yana neman wanda ya taɓa shan irin wannan azaba bai karaya ba. A gasa koci ba ya magana ana cikin wasa. Sai an yi zagaye huɗu a ba da hutun minti 15, ɗan wasa ya shigo ɗaki ransa a jagule, an ba shi 4 da nema. A wannan ɗan lokaci babu damar gyara tsayuwa ko motsin gwiwar hannu. Abin da ya rage shi ne a san kalmar da za a faɗa masa, a kuma san lokacin da shiru ya fi. Nan aka san Griffiths. Shi kansa ya zauna a gaban malami, Frank Callan, mai sana'ar kifi da ya shahara wajen gyara wa ƙwararru bugu, don haka ya san zafin a ce wa babba ya sake koyon abin da yake ganin ya iya.

Ina ganin mukan yi kuskure wajen zaɓen mai koyarwa, a wasa ko a sana'a. Mukan ruga wajen wanda ya fi kowa suna, alhali wanda baiwa ta ɗauke shi tun yana yaro sau da yawa ba ya iya bayyana yadda yake yi, balle ya yi haƙuri da wanda ya kasa. Griffiths ya zo a makare, ya ci, ya faɗi, ya daɗe a bayan wani, kuma bai bar wannan ya zame masa hassada ba.

An ba shi lambar girma ta OBE a 2007. Ya rasu ranar 1 ga Disamba 2024 yana da shekara 77, bayan fama da ciwon mantuwa. A ta'aziyyarsa Mark Allen ya bayyana cewa a wurinsa Griffiths ya wuce koci, ɗan uwa ne. Ɗansa Wayne ya gaji sana'ar, ya yi shekaru yana horar da 'yan wasan Hong Kong.