Tsakanin Gajimare da Hazo: Ina Mafita ga Masu Kallon Taurari?

Kowace shekara, da zarar an dawo daga dogon hutu, akan sami 'yan tsirarun ɗalibai a cikinmu waɗanda sha'awar kallon taurari ke kamawa. Wani ya karanta labarin duniyoyin da ke kewaya rana, wani kuwa tun yana yaro kakarsa ke nuna masa Kaza da 'Ya'yanta a tsakar gida. Sai a haɗu, a ari tabarau mai hangen nesa, a sa rana. Kafin wata biyu sai ka ji shiru. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: sama ta ƙi. Wannan kuka gaskiya ne, amma a ganinmu bai isa ya zama dalilin watsewa ba.

Bari mu fara ba masu kukan haƙƙinsu. Daga watan Yuni zuwa Satumba gajimare ne ke mulkin samaniyarmu, alhali kuwa a daidai lokacin ne farin zanen nan na taurari da Larabawa ke kira Majarra yake nuna mafi kaurin sashensa da farkon dare. Mu da ke wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya muna samunsa can sama sosai, mutanen Ingila kuwa sai dai su hango shi a gindin sama. Allah ya ba mu wurin zama mai kyau, damina ta sa labule. Haka kuma yayyafin taurari na 12 da 13 ga Agusta, watau ƙura da tsakuwoyin da ke ƙonewa in sun shigo iskar duniya, kullum a tsakiyar marka yake zuwa. Husufin wata na 27 ga Yuli, 2018, wanda ya yi kusan sa'a 1 da minti 43 yana cikakke, ba kuwa wanda zai fi shi tsawo a wannan ƙarni, cikin damina ya faɗo. Tauraruwa mai wutsiya ta NEOWISE ma a Yulin 2020 ta bayyana, kuma ba za ta komo ba sai bayan shekara dubu shida da wani abu. Wanda hadari ya rufe wa ita, shi ke nan.

Da damina ta ɗauke, sai mutum ya ce to, yanzu za a sarara. Ina! Sai hunturu ya kunno kai. Iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda dā can babban tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Gajimare dai yana fito-na-fito da mutum, ya gan shi ya koma ɗaki. Hazo kuwa mayaudari ne: sama ba hadari ko kaɗan, amma ƙananan taurari sun ɓace, domin ƙurar tana warwatsa haskensu, tana kuma mayar da hasken fitilun gari ya cika sama. Abin ya fi muni a gindin sama, inda ido ke ratsa iska mafi yawa. Ran 21 ga Disamba, 2020, Mushtari da Zuhal suka kusanci juna a ido irin kusantar da ba a yi ba tun 1623, amma a can ƙasa wajen yamma bayan magariba, daidai inda ƙura ta fi kauri. Masu duban jinjirin wata sun san wannan wahala, duk shekarar da azumi ya faɗo cikin hazo.

Ga kuma sanyi. A Kano ko Zariya, cikin daren Janairu ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15, a Jos kuwa abin ya fi haka. Bature na iya yin dariya, amma ɗalibin da ke da rigar sanyi ɗaya da bargo ɗaya ya san abin da ake nufi. Yayyafin taurari na 13 da 14 ga Disamba, wanda yake cikin mafiya yawa a shekara, ya fi kyau wajen ƙarfe 2 na dare, sa'ad da yatsu suka ƙage, leɓɓa suka tsage.

Mai ɗaukar hoto shi ya fi kowa shan wuya. Hasken taurari rarrauna ne, don haka dole ya kafa kyamara a kan ƙafa uku, ya bar idonta a buɗe daƙiƙa 15 ko 20, ya ɗauki hotuna da yawa, sa'an nan ya haɗa su a kwamfuta. In akwai hazo, duk wannan aiki sai ya fito fari fat kamar koko. Sanyi yana zuƙe batir da wuri. Ƙura tana sauka a kan gilashi, in ya yi gaggawar gogewa da bakin riga ya karce shi har abada.

Duk mun yarda da wannan. Amma a tuna, manyan masana ma ba su sami yadda suke so ba. Gudun yanayi ne ya sa aka kai manyan madubai hamadar Atakama ta ƙasar Chile, da Sutherland a Afirka ta Kudu, har a 1990 aka harba madubin Hubble can bayan iska baki ɗaya. Mu ba mu da kuɗin gudu. Abin da ya rage mana shi ne mu san samaniyarmu. Littattafan da ke hannunmu yawancinsu don mutanen Turai da Amurka aka rubuta su, ba ruwansu da marka, ba ruwansu da hunturu. Malamanmu da manomanmu kuwa sun daɗe suna lissafin shekara da taurari 28, kowane kwana 13, ɗaya kwana 14, su Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha. Ba da madubi suka riƙe wannan ilmi ba, da haƙuri ne da kiyaye abin da aka gani bara.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, a buɗe littafi guda, kowane dare wani ya rubuta halin sama: garau, ko hazo, ko hadari. Bayan shekara uku za mu mallaki abin da babu littafin waje da zai ba mu, watau sanin makonnin da suka cancanci a hana ido barci. Tun yanzu ma an san kaka, tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo, tana da darare masu kyau, sai dai a kula da raɓa a kan gilashi. Haka nan daren da ruwa ya wanke iska, hadari ya waye.

Ta biyu, in kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya. Daren hazo a bar ƙananan taurari, a dubi masu ƙarfi: ramukan wata, da Zara, da Mushtari da watanninsa huɗu da Galileo ya gani a 1610, waɗanda tabarau mai kyau ke nunawa in an kafe shi. Daren hadari a zauna a yi karatu, a gyara hotuna. A riƙa sauraron hasashen hukumar NiMet kafin a tara jama'a.

Ta uku, muna roƙon ƙungiyar ɗalibai ta sayi tabarau biyu ko uku da ƙafar kyamara, ta ajiye a kabad mai hana ƙura, ta kuma nemo mana kusurwa guda a filin wasa inda ba fitila. Za a ce ga matsalar ruwa da wuta da kuɗin makaranta. Gaskiya ne, amma kuɗin bai kai na daren liyafa guda ba, kayan kuwa ƙannenmu za su gada. 'Yan'uwanmu ma'aikata da aka tura ƙauyuka, inda dare ke da duhu na gaske, su ma su riƙa aiko mana da abin da suka gani.

Ran 29 ga Maris, 2006, rana ta yi cikakken husufi a kan Gusau da Katsina da Maraɗi da Damagaram. Ran 20 ga Maris, 2034, wani zai sake ratsa Nijeriya daga wajen Legas, ya wuce Kamaru da Chadi. Ko sama za ta buɗe ran nan, Allah kaɗai ya sani. Amma ko za a sami waɗanda suka iya kafa kyamara, suka kuma san yadda ake kāre ido, wannan yana hannunmu. Ba a fafe gora ranar tafiya.