Mai Biya Shi Ke Kwana a Duhu

Duk lokacin da aka tashi ƙara kuɗin wuta a Gana, waƙar ɗaya ce: wai kamfanin ECG ba shi da lafiya, sai an ƙara masa jini. Babu mai musun ciwon. Abin da nake musu shi ne maganin, domin jinin da ake ɗiba kullum na mai biya ne.

Mai karatu, duba yadda kuɗin ke tafiya. ECG ba ya samar da wuta, saye yake yi daga hukumar VRA da tashoshi masu zaman kansu, ta layukan GRIDCo, ya rarraba wa kudancin ƙasa. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wutar da ya saya ba ta dawowa a matsayin kuɗi: wata ta zube a tsofaffin wayoyi, wata an sace, wata an sha an ƙi biya. Idan bai tara ba, ba zai biya masu tashoshi ba, su kuma su kasa sayen gas. Haka aka yi a Oktoban 2024, lokacin da kamfanin Sunon Asogli ya kashe tasharsa mai megawat 560 saboda bashin dala miliyan 259. Daga nan sai dumsor, a kashe a kunna.

To, wa ya ƙi biya? Tela a Nima ko mai sayar da ƙanƙara a Aboabo, in mitar kati ce a shagonsa, sai ya biya kafin ƙwan fitila ya kama. Amma a Fabrairun 2024, Majalisar Dokoki da kanta ECG ya yanke wa wuta kan bashin sidi miliyan 23. Masu yi mana doka ke nan! Idan ɓera da sata, ai daddawa ma da wari.

Na san za a ce a zangunanmu ma akwai masu jan waya ta bayan mita. Akwai su, kuma sata ce, a kama su. Sai dai ma'aikacin da ke hawa tsani ya tsinke wayar talaka, ya kamata ya san hanyar ma'aikatun gwamnati ma.

Wasu kuma sun ce a miƙa kamfanin ga 'yan kasuwa a huta. An gwada. A Maris 2019 aka damƙa shi ga PDS, kafin shekara ta ƙare aka soke yarjejeniyar saboda takardun lamunin da suka kawo ba su inganta ba, Amurka kuma ta janye tallafin dala miliyan 190. Sauya mai riƙe da tulu ba ya toshe huda.

A 2025 an ɗora sidi ɗaya kan kowace litar mai don rage bashin ɓangaren makamashi. Ma'ana, direban tasi ne ke biyan wutar da wani ofishi ya sha.

Kafin hukumar PURC ta sake amincewa da wani ƙari, abu biyu muke nema. A sa wa kowace ma'aikata mitar kati, ban da asibitoci. A kuma riƙa buga sunayen manyan masu bashi duk wata uku, mu karanta a rediyo kowa ya ji. In an yi haka kuɗin bai isa ba, sai a zo mu yi maganar ƙari.