Sauri Kan Haifi Nawa: Ra'ayina Kan Kiwon Ƙaguwa Mai Taushin Ɓawo

'Yan'uwana ɗalibai, mun san kalmar "saɓa" dangane da maciji. To, ƙaguwa ma tana yin saɓa, domin ɓawonta ba ya girma tare da ita. Sai ta tuɓe tsohon ɓawon sannan jikinta ya ƙaru. A ƙasashe irin su Biyetnam da Miyanma da Indunusiya da Bangaladash, wannan saɓar ta zama sana'a. Ana kiwon ƙaguwar taɓo ta bakin teku, kowace a ɗan akwatinta na roba a kan ruwa, don kada ta cinye 'yar'uwarta. Ma'aikata suna duba akwatunan dare da rana, saboda sabon ɓawon yakan fara tauri cikin 'yan sa'o'i. Wadda ta yi saɓa sai a cire ta, a daskarar da ita, a sayar. Mai saye yakan ci ta duka har da ɓawon.

Abubuwa da dama ne ke sa saɓa ta zo da wuri ko ta jinkirta. Akwai ɗumin ruwa, wanda ya fi dacewa ya kasance wajen 28 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos. Akwai yawan gishirin ruwan da tsabtarsa, da ingancin abinci, da kuma girman ƙaguwar, domin ƙarama ta fi babba yawan saɓa.

Amma wasu makiyaya ba sa jira. Sukan cire wa ƙaguwa ƙafafu da ƙuguna tana raye, domin jikinta ya gaggauta saɓa ya fitar da sababbi. Wasu kuma sukan yanke sandar idonta, inda sinadarin da ke hana saɓa yake fitowa. A nawa ra'ayin, wannan hanya ba ta dace ba.

Dalilina na farko shi ne tausayi. A shekarar 2022 Birtaniya ta sa ƙaguwa cikin dokarta ta dabbobin da ke jin zafi. Na biyu kuwa hasara ce. Ƙarfin da ƙaguwa za ta yi ƙiba da shi yakan tafi wajen mayar da ƙafafu, sai ta fito ba nauyi sosai, alhali da nauyi ake sayar da ita.

Wani zai ce talakan makiyayi yana da bashi a kansa, ba zai iya dogon jira ba. Gaskiya ne, amma akwai mafita. Masana a Jami'ar Hasanuddin ta Indunusiya sun haɗa wani magani mai suna Vitomolt daga ganyen alayyahu, wanda ke taimaka wa ƙaguwa ta yi saɓa da ƙafafunta cikakku.

Saboda haka ina ganin ya kamata hukumomin waɗannan ƙasashe su sauƙaƙa wa ƙananan makiyaya samun irin wannan magani, su kuma koya musu kula da ruwa da abinci. Masu saye su ma su riƙa tambayar yadda aka yi kiwon abin da suke ci.