ZAUREN JAMA'A: Kafin Ka Buɗe Wa Mai Feshi Ƙofar Gidanka

 Zancenmu na wannan mako daga Gubi ya taso, watau garin nan da ke bayan birnin Bauci ta hanyar Ningi, inda Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa take da mazauni, inda kuma madatsar ruwan da ke shayar da birnin take.

Wani yayana da ya tare a sabon gidansa a can, kuɗin cizo ya hana iyalinsa barci. Ana cikin haka sai ga wani saurayi a kan babur, tankin feshi a baya, ya ce kamfani ne ya aiko shi, ya kuma yi masa farashi mai rahusa. Ya fito da wata kwalba wadda ba ta da ko harafi ɗaya a jiki, ya tsiyaya, ya feshe ɗakuna har da katifu, ya karɓi kuɗinsa ya ce a shiga da magariba. Kafin tsakar dare ƙaramar 'yar gidan ta kama amai da dalalar da miyau, numfashi yana yi mata wuya. Da likita ya ce, "Malam, wane magani aka fesa?" sai yayana ya rasa amsa. Allah ya sa yarinya ta tashi, amma bayan kwana 10 kuɗin cizo ya dawo, lambar wayar saurayin kuwa ba ta shiga. An yi asarar kuɗi, an kusa rasa ido garin neman gira.

Ba a Gubi kaɗai wannan matsala take ba. Yawancin abin da irin waɗannan samari suke fesawa shi ne maganin nan mai suna dichlorvos, wanda ake sayarwa da sunan Sniper, ake kuma haɗa fiya-fiya da shi. Nau'insa mai ƙarfi don gona aka yi shi, ba don ɗakin kwana ba. Yana dagula aikin jijiyoyin ƙwaro, haka kuma yake yi wa na ɗan Adam, yara kuwa su ya fi saurin kayarwa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da manyan kantuna. Kafin nan, a 2015, Tarayyar Turai ta dakatar da sayen waken Nijeriya saboda yawan wannan magani da aka samu a cikinsa.

Wanda ya fi shi haɗari shi ne ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhunan hatsi, irin su Phostoxin. Da zarar ta ji danshi sai ta fitar da iska mai guba wadda take ratsa tsaguwar bango ta shiga ɗakin maƙwabci, ba ta kuwa da makari. A 2010, a jihar Utah ta Amurka, ma'aikacin wani kamfanin feshi ya zuba irin wannan ƙwaya a ramukan da ke kusa da wani gida, yara mata 2 'yan uwan juna suka rasu. A shekarar ce gwamnatin ƙasar ta haramta amfani da ita a kewayen gidajen zama. A Janairun 2017 kuma, a garin Amarillo na jihar Texas, yara 4 suka rasu bayan an watsa wa ƙwayar ruwa a ƙarƙashin gidansu. To, in haka ta faru inda ake sa ido sosai, ina ga inda kowa ya sayi tanki ya zama likitan ƙwari?

Kada mai karatu ya ɗauka cewa nake yi a zauna da ƙwari. Gara tana cinye azara da katakon rufi. Ɓera kuwa shi ne mai yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, jihar Bauci kuma tana cikin jihohin da cutar ta fi addaba, musamman da rani. Neman mai feshi tilas ne wani lokaci. Abin dubawa shi ne wane ne za ka ba amanar gidanka.

Na farko, nemi takarda. Rajistar kamfani a hukumar CAC shaida ce ta kasuwanci kurum. Lasisin wannan aiki yana hannun majalisar kula da lafiyar muhalli ta ƙasa, watau EHCON, wadda aka kafa da dokar 2002, da can ana kiranta EHORECON. Ita ce kuma mai yi wa duba-gari rajista. In kana shakka, je sashen lafiya na ƙaramar hukumarku ko ofishin BASEPA ka yi tambaya. Sa'an nan ka san inda ofishin kamfanin yake, ka taka da ƙafarka.

Na biyu, mai aikin kirki ba ya yanke farashi ta waya. Zai zo ya duba gida, ya ɗaga katifa, ya leƙa silin da magudanar ruwa, domin maganin gara daban, na kyankyasai daban, na ɓera daban. Wanda ya ce kwalba ɗaya ce take kashe kome, sallame shi.

Na uku, a nuna maka maganin a cikin mazubinsa na asali, da sunansa, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewarsa, ka kuma rubuta sunan ka ajiye. Kada ka yarda da zancen "haɗin sirri". In ka ga ƙwayar hatsi, ko gamalin, wanda yarjejeniyar Stockholm ta sa cikin jerin magungunan da za a kawar tun 2009, to, zance ya ƙare.

Na huɗu, saurari tambayoyinsa. Shin ya tambaye ka ko akwai jariri, ko mai juna biyu, ko mai ciwon asma? Ya ce a fitar da abinci da randa, a rufe rijiya, a nisantar da kaji? Ya faɗa maka tsawon lokacin da za a ƙaurace wa ɗaki, da yadda za a buɗe tagogi iska ta ratsa? Dubi jikinsa ma. Wanda ya zo ba takunkumi ba safar hannu bai damu da ransa ba, balle naka.

Na biyar, a rubuta yarjejeniya a ba ka rasit, a ciki har da ranar dawowa. Ƙwan kuɗin cizo yakan tsira daga feshi, ya ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10, saboda haka sai an sake zagayowa bayan kamar mako 2. Wannan shi ne abin da yayana bai sani ba. Batun ɓera kuma, guba kaɗai ba ta isa ba, sai an toshe ramuka, an rufe hatsi, an kwashe mushe ba da hannu tsirara ba.

Ga mutanen Gubi akwai ƙarin nauyi. Kada ku bari a wanke tanki ko a zubar da ragowar magani a kwata ko a rafi, domin ruwan damina yana iya kwashe shi ya gangara madatsar da dukan birni yake sha.

In kuwa tsautsayi ya auku, a fitar da mutum waje, a tuɓe masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara.

Muna kira ga hukumomin da abin ya shafa su wallafa sunayen kamfanonin da suke da lasisi, domin talaka ya san inda zai dosa. Kai kuma maigida, ka tuna araha ba ta ado. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.