Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Marubutan Littattafan Matasa

Zuwa ga marubuta da masu buga littattafai,



Ƙorafi na kawo. Ƙanwata ta ara mini littafin labarin wata 'yar sakandare mai jin zancen aljanu tun ranar da ta faɗa rijiya. Na ɗauka da zumuɗi. Kafin babi na biyar an mance da aljanun, sai mota, sai lefe, sai kishiya. Haba jama'a!

Tun 1934 Abubakar Imam ya kai mu wurin aljanu a Ruwan Bagaja, bai saki layi ba. Hakkin yaran nan na wuyanku. In kun ba yarinya baiwa, ku nuna abin da ta jawo mata a gida da makaranta. Masu bugawa kuma, ku nemi edita kafin maɗaba'a.

Naku,
Mai karatu daga Kano