Raddi Ga Masu Cewa Ruwa Zalla Ya Ishi Lagireton Motar Gudu

A garejojin Kano da Kaduna da Abuja akwai wata fatawa da ta yi kaka-gida, bakanike ya koya wa yaronsa, yaron ya isar wa mai mota: wai ruwan kalar nan da ake zuba wa lagireto, wanda ake kira kulan, kayan ƙasashen ƙanƙara ne. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, in ji su, me zai daskare? Tun fatawar tana yawo a kan tsofaffin motocin haya, yanzu ta isa ga matasan da ke sayen BMW 335i da Golf GTI da Mercedes AMG, har sun ƙara mata hujja mai kama da ta masana: ai motocin tsere ma ruwa zalla suke sha.

Maganar tasu hanjin jimina ce, akwai na ci akwai na zubarwa, kuma adalci shi ne a fara da na cin. Wajen ɗaukar zafi, babu abin da ake zuba wa inji da ya kai ruwa. Kafin kilo ɗaya na ruwa ya ƙara digiri ɗaya sai ya haɗiye kusan kilojul 4.2 na zafi. Sinadarin gilaikol, wanda shi ne gangar jikin kulan, kusan 2.4 yake ɗauka, haɗin rabi da rabi kuwa yana wajen 3.4. Tarihi ma yana bayansu. Injin Merlin na kamfanin Rolls-Royce, wanda ya tuƙa jiragen Spitfire a Yaƙin Duniya na Biyu, da gilaikol zalla ya fara. Da aka mayar da shi kan ruwa kashi 70 da gilaikol kashi 30 a ƙarƙashin matsi, sai ya fi yin sanyi, haɗarin gobara ma ya ragu. Sai dai injiniyoyin Ingila sun rage gilaikol ne, ba su zubar da shi ba.

Hujjarsu ta farko ita ce rashin sanyi. Gaskiya ne haɗin rabi da rabi ba ya daskarewa sai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri, kuma ko hunturun Jos bai san wannan ba. Da hana daskarewa ne kaɗai aikin kulan, da muhawara ta ƙare a nan. Amma a cikin galan ɗin akwai wasu sinadarai 'yan kaɗan da ba a cika maganarsu ba, su ne masu hana tsatsa, kuma saboda su mai mota a Sakkwato yake buƙatarsa kamar mai mota a Jamus.

Hanyar da ruwa ke bi a cikin inji ba ƙarfe iri ɗaya ba ce. Kan silinda alminiyam ne, gangar injin ko baƙin ƙarfe ko alminiyam, ga famfon ruwa, ga tiyo na roba, ga mahaɗai na filastik. Idan ƙarafa mabambanta suka haɗu cikin ruwan zafi mai gishiri-gishiri, wata 'yar wutar lantarki na gudana tsakaninsu, kuma alminiyam ne ke biyan kuɗin: yana zagwanyewa, yana yin 'yan ramuka. Duk wanda ya tsaya kan bakanike ranar da aka buɗe injin da ya shekara yana shan ruwan famfo ya ga abin da ido. Ruwan da ke fitowa ja ne, kauri gare shi, fuka-fukan famfon ruwa sun cinye sun zama siraran haƙora, gefen ramukan ruwa na kan silinda ya rarake daidai inda gaskit ke zama. Sai a ce gaskit ya ƙone, a canja shi, a manta da abin da ya cinye mazauninsa. Sinadaran kulan shimfiɗa suke yi a jikin ƙarfe su raba shi da ruwan, suna kuma rage ɓarnar 'yan kumfan da ke fashewa a jikin fuka-fukan famfo sa'ad da inji ke juyi dubu shida ko bakwai a minti. Motar gudu a irin wannan juyi take rayuwa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: tunda ruwa ya fi ɗaukar zafi, motar da ta fi fitar da zafi ita ta fi cancanta da shi. Kuskuren yana cikin zaton cewa burin inji shi ne ya yi sanyi iyakar iyawa. Ba haka aka ƙera shi ba. Tamostat yana buɗewa ne tsakanin digiri 80 da 90 a yawancin motoci, kuma a BMW na zamani kwamfuta kan bar ruwan ya haura digiri 100 da gangan idan ana tafiya a hankali, don mai ya ƙone da kyau, sai ta sauke zafin idan direba ya taka totur. Abin tsoro a irin wannan inji shi ne tafasa. Da zarar ruwa ya zama tururi a kusa da bawul ɗin hayaƙi ko cikin turbo, wurin ya rabu da abin da ke kwashe masa zafi, ƙarfen ya yi ta ɗumama alhali allurar da ke gaban direba ba ta motsa ba tukuna.

Ruwa yana tafasa a digiri 100, haɗin rabi da rabi kuwa sai wajen 108. A nan wajibi ne a faɗi abin da masu tallar kulan ba sa son faɗa: murfin lagireto ya fi gilaikol aiki a wannan fanni. Murfin da ke riƙe matsin bar ɗaya yana kai ruwa zalla digiri 120, ya kai haɗin rabi da rabi kusan 129. To amma wannan ratar ta digiri takwas ko tara ita ce ke raba mota da tafasa a cunkoson Nyanya ta Abuja, ana kunne da AC, ko a lokacin da aka kashe inji bayan doguwar tafiya, famfo ya tsaya, zafin turbo bai tsaya ba. Idan murfin ya tsufa yana sakin iska, ratar ce kaɗai ta rage. A tsaunin Jos kuwa, mai tsayin kusan mita 1,200, ruwa a fili yana tafasa tun wajen digiri 96.

Sai batun motocin tsere, wanda shi suka fi tinƙaho da shi. E, a NASCAR ta Amurka ruwa ake zubawa, haka a manyan gasannin tseren babura, kuma filayen tsere da yawa sun haramta gilaikol. Babban dalilin dokar shi ne santsi: gilaikol idan ya zube a kwalta ba ya bushewa da wuri kamar ruwa, na baya yana zuwa a guje ya taka shi ya kwance. Dokar kare rai ce. Ban da haka, inda doka ta yarda, 'yan tsere kan ɗiga wa ruwan wani sinadari irin WaterWetter na Red Line ko MoCool na Motul, mai hana tsatsa da taimaka wa ruwa manne wa ƙarfe. Ruwan kuma tatacce ne, ba ya daɗewa a ciki, injin ma ana kwance shi a duba a kai a kai. Wanda ke barin ruwa ɗaya shekara biyu a mota, yana ciko da fiya-wata a bakin hanya, bai kwaikwayi ɗan tsere a komai ba.

Hujja ta ƙarshe ta dattawa ce: shekara nawa Fijo 504 ta yi tana shan ruwan rijiya tsakanin Kano da Legas? Ta yi, ba musu. Gangar injinta baƙin ƙarfe ce mai kauri, lagiretonta na tagulla ne mai faffaɗan hanyoyi da ake warwarewa a tsefe a sake like shi, ƙarfinta kuwa bai kai doki ɗari ba. 335i tana fitar da kimanin doki 300 daga injin alminiyam mai turbo biyu, lagiretonta siraran bututu ne da tankin filastik, famfonta na lantarki ne mai tsada. Ruwan burtsatse yana ɗauke da ma'adinan kalsiyam da magniziyam, kuma farin ɓawon nan da ke taruwa a gindin butar mai shayi shi ne ke taruwa a cikin waɗannan bututu. Ɓawon yana hana zafi fita, yana ƙuntata hanya. Ƙarshenta falalar da aka bar kulan dominta, wato ɗaukar zafi, ita ce ta fara salwanta.

Daga nan ne ake faɗawa kuskure na gaba. Mota ta fara zafi, sai a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye da makulli. A injuna da yawa tamostat shi ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke kewayawa ba tare da ya shiga lagireto ba. Cire shi yana barin hanyar a buɗe, don haka wani ruwan ba ya zuwa inda zai huce. Idan kuma injin ya ƙi kaiwa zafinsa, kwamfuta za ta yi ta ƙara masa fetur.

Akwai kuma waɗanda suka gudu daga wannan ɓangare suka zarce ɗaya gefen, suna juye gilaikol mai kauri ba sirki, wai don mota ta samu mai kyau. Wannan ya fi ruwa zalla saurin kawo zafi, domin ga ƙarancin ɗaukar zafi ga kauri da ke wahalar da famfo, shi ya sa masu ƙera motoci ba sa yarda ya wuce kashi 60 zuwa 70. Kala ma ba hujja ba ce, rini ne kawai, kuma babu dokar da ta ɗaure kamfanoni a kansa. Toyota da Honda suna guje wa silikat suna amfani da fosfat; kamfanonin Turai sun daɗe suna guje wa fosfat saboda ruwansu mai ma'adini. Ruwan hoda na Toyota daban yake da ruwan hoda na Volkswagen mai lamba G12, kuma haɗa nau'o'in da ba su dace ba yana rage ƙarfin kariya, wani lokaci ya bar laka a tanki. Kulan na Toyota mai suna Super Long Life a sirke yake zuwa, wanda ya ƙara masa ruwa ya tsinka shi.

Saboda haka hukuncin a fili yake. Motar gudu da ke bin titi a ƙasa mai zafi, haɗinta gilaikol kashi 40 zuwa 50 ne, na nau'in da littafinta ya ambata da lamba, a sirka da tataccen ruwa irin na batir wanda ba a sa masa asid ba. Ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, masu hana tsatsar sun yi ƙaranci. Ruwa zalla da ɗigon sinadari na ranar tsere ne, a kuma juye shi bayan an tashi. Wanda motarsa ke zafi da haɗi mai kyau a cikinta, ya sa a duba masa murfi da tamostat da fanka da bututun lagireto, domin sau da yawa matsalar tana ɗaya daga cikinsu ko a gaskit. Kuma kada ya buɗe murfin sai inji ya huce, kada ya bar ragowar kulan a gorar lemo inda yara ko dabbobi za su kai gare shi: zaƙi gare shi, kuma guba ce mai lalata ƙoda.