Ko A Kotun Turawa Ƙwallo Bai Zama Addini Ba

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan wata gardama da ta tashi a teburin mai shayi na bakin kasuwarmu. Wani yaro mai tsaron tireda, wanda ba ya fashin gidan kallo, shi ne ya ce wai a ƙasar Turawa doka ta amince ƙwallon ƙafa addini ne, saboda haka kada wanda ya ƙara yi masa faɗa in ya rufe tireda ya tafi kallo. Jama'a suka yi dariya. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, don na san inda maganar ta samo tushe, kuma a baibai yaron ya ji ta.

Ga yadda aka yi. A 2022 wata kotun sauraron ƙorafin ma'aikata a Sikotlan, cikin ƙasar Birtaniya, ta duba ƙarar wani ɗan kwangila. Mutumin ya ce an daina ba shi aiki ne don yana goyon bayan kulob ɗin Rangers, mai rabon aikin kuwa ɗan Celtic ne. A can suna da dokar daidaito ta 2010, wadda ta hana a nuna wa mutum bambanci a wurin aiki saboda addininsa ko wata aƙida da ya riƙe. To shi ne ya nemi kotu ta ɗauki son Rangers a matsayin aƙida. Ya ce shekararsa 42 yana bin kulob ɗin, yawancin rarar kuɗinsa can take tafiya, kuma zuwa filin wasa a wurinsa tamkar zuwa coci ne a wurin masu ibada.

Kotu ba ta yarda ba. Ta amince har zuciyarsa yake faɗa, amma ta ce wannan zaɓi ne na yadda mutum ke son tafiyar da rayuwarsa, ba aƙida ba ce. Kuma kada a ce kotunan nasu tsauri gare su. A 2009 sun karɓi imanin wani da sauyin yanayi a matsayin aƙida, a 2020 suka karɓi na wanda ya haramta wa kansa nama da nono da duk abin da ya fito daga dabba don tausayi. Ma'auninsu shi ne abin ya shafi wani babban al'amari na rayuwar ɗan Adam, kuma ya kasance yana da tsari da nauyi. Nan ƙwallo ya faɗi.

A ganina kotun ta yi daidai, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa saurin gane dalili. Addini yana ce maka kada ka tauye mudu, kada ka ci amanar maigidanka, ga yadda za ka raba gado, ga yadda za ka binne mamacinka. To me Chelsea ta taɓa hana wani? Kulob fa kamfani ne, ana saye ana sayarwa. Manchester United da yaranmu ke rantsuwa a kanta, tun 2005 wasu attajiran Amurka, iyalan Glazer, suka saye ta. Ɗan wasan da ka liƙa hotonsa a shago yau, gobe in an ƙara masa kuɗi sai ka gan shi cikin rigar abokan gaba yana murna. Na san a garin Rosario na Ajantina wasu sun kafa abin da suka kira cocin Maradona a 1998, har suna ƙirga shekaru daga haihuwarsa a 1960, wa'iyazu billahi. Amma da yawansu ba su bar Katolikarsu ba, shi Maradonan kuma ya mutu a 2020 kamar kowa.

Sai dai fa, Malam Edita, kada mu yi wa mai ƙarar nan dariya da yawa, domin a birnin Gilasgo rigar ƙwallo ba riga ce kawai ba. Wani malamin Katolika ɗan Ailan ne ya kafa Celtic a 1887 don a tara kuɗin ciyar da talakawan unguwarsu, yawancinsu baƙi 'yan Ailan. Rangers kuwa ta zama ta 'yan Furotesta, ta yi shekaru aru-aru ba ta ɗaukar ɗan wasan da aka san Katolika ne. Da ta ɗauki Mo Johnston a 1989, wasu magoya bayanta har ƙone kayan kulob ɗin suka yi don fushi. Ke nan a can, in ka tambayi mutum kulob ɗinsa, sau da yawa addininsa da asalinsa kake tambaya ta bayan gida, kamar yadda a nan wani kan ce "ya sunanka, daga wace jiha?" kafin ya ba ka hayar shago. Tsohuwar gaba ce ta sami rigar sawa, ba ƙwallo ne ya zama addini ba.

Mu nan fa? Kakan wa aka haifa a Manchester? Ba abin da ya haɗa mu da su sai tauraron ɗan Adam da janareta. Amma duk da haka a watan Mayu na 2009, daren da Barcelona ta ci Manchester United biyu da nema a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai, wani direba a Jihar Ribas ya kutsa da bas cikin masu murna, mutum huɗu suka mutu. A kan wasan da aka buga a birnin Rum!

Abin da na fi so masu karatu su duba shi ne wannan. Ku leƙa gidan kallo ranar Asabar. A benci ɗaya za ka ga Bahaushe da Ibo da Bayarabe, Musulmi da Kirista, in aka ci ƙwallo su rungume juna, ba mai tambayar wani inda yake ibada. Wurare nawa suka rage mana irin wannan a ƙasar nan? Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne kowa ya san wasa ne, in an tashi an tashi. Ranar da aka ba shi darajar addini, da 'yancin da sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba addini, to mun ƙara wa kanmu wani abin rabuwa a kan waɗanda suka riga suka ishe mu. Sannan kowane yaron shago zai ce yau ranar ibadarsa ce, kuma wasannin nan kusan kullum ne in kaka ta kama.

Shi dai yaron da ya ta da maganar na ja shi gefe na gaya masa yadda shari'ar ta ƙare. Ya ce to ko ba komai Arsenal za ta ɗauki kofi. Na ce Allah ya ba da sa'a, amma ya je ya buɗe tireda tukuna, don wata tsohuwa ta daɗe a tsaye tana jiran a auna mata gishiri.



Naku mai karatu a kullum,
Wani mai sayar da hatsi,
Funtuwa, Jihar Katsina.